Kwamfutar Kiran Asabar

Lahadi, da hantsi

Kwamfutar ta ƙi tashi. In na danna, 'yar fitilar gefe ta kama, fanka ta yi huci, sai allo baƙi ƙirin da layi ɗaya na Turanci, wai ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Na kashe na kunna har yatsana ya gaji. Maganar dai ɗaya ce.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ina tune. 'Yata, wadda nake kira Uwata, ita ta aiko mini da wannan kwamfutar hannu bara, bayan an daɗe ana ja-in-ja a kan in tattara in koma gidansu. Garinsu tafiyar yini ce a mota. Na ce ba inda za ni. Da ƙyar aka daidaita: duk Asabar da la'asar za ta kira ni, ta gan ni a allo da idonta. Muddin tana ganina garau, ina gidana. Ran da ta ga abin da bai yi mata ba, za ta zo da mota, ni kuma ba musu. Na yarda. Har dariya na yi a lokacin.

Watan jiya manhajar kiran ta fara ƙorafi, wai tsarin da ke cikin kwamfutar ya tsufa. Mijinta, Akanta, ya zuba sabon tsari a filashi, ya ba direba ya kawo. Ya ce a waya, "Baba, a kai wa masu gyara su sa, ba abin wahala ba ne." Na ce, "Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan tafireta, wani zai koya mini inji?" Ya yi ta bayani, ina cewa na gane, na gane. Ko rabi ban gane ba.

Shekaranjiya Jumma'a na sa filashin. Wani akwati ya fito a allo, na danna inda ya nuna, wani layi ya fara cika a hankali kamar ana zuba ruwa a randa da cokali. Na zauna ina gadinsa har bayana ya ƙage. Ina so in je in kwanta. To mu a ofis ba a barin inji a kunne a fita daga ɗaki. Ka gama ko ba ka gama ba, ka kashe, ka zare waya daga bango, ka rufe da ƙyalle. Hannuna ya yi wannan tun kafin kaina ya yi tunani. Na danne maɓallin har ta mutu, na zare filashin na jefa a aljihu, na lulluɓe ta. Akwai wani ƙaramin rubutu a ƙarƙashin layin. Ban karanta ba. Tabarauna ya karye tun Talata.

Batun Talata ba na rubutawa ba ne.

Lahadi, bayan la'asar

Jiya Uwata ta kira ta ƙaramar waya.

"Baba, ina ta kiran kwamfutar ba ya shiga."

"Sabis ne, Uwata. Duk unguwar haka ake fama."

"To ya aka yi wannan ta shiga?"

"Ita ƙaramar waya ai ba ta da girman kai."

Ta yi dariya. Ta ce muryata fa, na ce mura ce. Ta ce in sha ruwan zafi. Na ce ina sha.

Ni na koya wa yarinyar nan cewa ƙarya ba kyau, da bakina, tana zaune a cinyata. Jiya na yi mata guda biyu a jere, kuma suka fito sumul, ko tari ban yi ba.

Litinin, da safe

Na tuna abu ɗaya cikin bayanin Akanta. Ya ce in ta ƙi tashi, a sa filashin, a kunna, a danna F2, wani shafi zai buɗe inda ake gaya mata ta tashi daga filashi. Na nemo F2 a layin sama da gilashi ɗaya da ya rage a tabarau, ina riƙe da shi a hannu kamar mai duba ƙwai.

Na kunna. Tambarin kamfani ya fito. Na duba shi, na tabbatar ya gama fitowa, na danna F2 sau ɗaya, da kyau. Baƙin allo, layin nan.

Na sake. Na sake.

Malaminmu na tafireta yana yawo a bayanmu da rula. Bugu ɗaya, harafi ɗaya, in ji shi. Wanda ya buga harafi sau biyu ya ji rula a bayan hannu. Na fita daga ajinsa ina buga shafi cur ba gyara. Manyan ofis in suna da takardar da ba a so a ga ko ɗigon goge-goge a jikinta, ni ake kawo wa. Yau maɓalli ɗaya ya ƙi jin maganata.

Talata, da azahar

Ban taɓa ta ba. Haƙarƙarin nan in na yi numfashi mai zurfi sai ya tuna mini da kansa.

Laraba, da la'asar

Mai ɗinki ta shigo. Shagonta manne yake da katangata, ina jin kekenta daga ɗaki. Ta ce kwana nawa ba ta ga na fito sayen burodi ba, ta zo ta ga ko na yi aure ban gaya mata ba. Na so in tare ta a bakin ƙofa, kafin in miƙe ta riga ta iso tsakar ɗaki da kwano a hannu.

Ta tsaya. Ta dubi ɓarin fuskata na hagu.

"Baba Tafireta, da wa ka yi faɗa?"

"Ƙofa ce."

"Ƙofa? Wace ƙofar?"

"Ta banɗaki."

"Lallai ƙofar nan ta iya duka. Har da gira ta tsaga. Ta bi ta haƙarƙari ma, na ga yadda kake zama."

Ta ajiye kwanon shinkafa a kan tebur, kusa da kwamfutar, ta ɗaga ƙyallen ta leƙa.

"Ita kuma wannan me ta yi aka rufe ta?"

"Hutawa take."

"Ku biyu kenan." Ta ja kujera ta zauna ba wanda ya ba ta. "Baba, lambar 'yarka tana wayata. Ita ta ba ni, ta ce in na ga wani abu in kira."

Na ce mata ba abin da ta gani.

Ta ce, "To, ban ga komai ba. Amma in na dawo na tarar da shinkafar nan, idona zai buɗe."

Na cinye a gabanta kamar ɗan firamare. Da ta fita na juya ɗan madubin da ke kan kabad ya kalli bango.

Alhamis, bayan azahar

Na yanke shawara in kai wa masu gyara, kamar yadda aka ce mini tun farko. Na sa ta a jaka da cajarta da filashin. Ban san tana da nauyi haka ba. Na ja hula ta rufe girar. Na shiga tasi.

Shagunan gyaran a saman bene suke. Ban taɓa lura ba. Matakala ce ta siminti, ƙunci gare ta, ba abin dafawa, mutane na hawa da sauka a guje suna kaucewa juna. Na tsaya a gindinta. Na sa ƙafa a ta farko. Na janye.

Na koma gefe na tsaya ina duba agogo kamar mai jiran wani. Wata mata mai sayar da rigunan waya ta turo mini benci, ta ce, "Baba, zauna kafin ya sauko." Na zauna. Na yi godiya. Muka jira shi tare, ni da ita, mutumin da babu shi. Can ta ce ko ta aika a kira mini shi, wane shago ne? Da na ce mata ga abin da ya kawo ni, da ta ɗaga murya ɗaya an sauko an karɓa. Na san haka. Sai na ji bakina yana cewa ai ya yi waya, ya ce gobe.

Na dawo gida da jakar. Kafaɗata har yanzu tana zogi.

Jumma'a, da safe

F2. Baƙin allo.

Asabar, bayan magariba

Uwata ta kira da la'asar daidai, ta ƙaramar waya. Ba ta ma gwada ɗayar ba.

"Baba, sabis ɗin bai dawo ba?"

"Ya dawo. Yanzu kwamfutar ce ake sa mata sabon tsarin nan."

"Ake sa mata? Wa ke sawa?"

"Ana dai kai."

Na ji ta miƙa wa Akanta. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya gaishe ni har ya tambayi ƙafa, sannan ya ce, "Baba, ko akwai inda ta tsaya in taimaka daga nan?" Na ce babu, ƙarashe ne kawai. Ya ce, "To madalla, Baba. Ai na san ba za ta gagare ka ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Uwata ta karɓa. Ba dariya a muryarta.

"Baba, ka san abin da muka yi da kai. Ban ce kana ɓoye mini wani abu ba. Amma in Asabar mai zuwa ban ga fuskarka ba, Lahadi ina hanya."

Na ce za ta gani.

Lahadi, da hantsi

Akwai abin da nake ta kewaya.

Filashin nan ya yi mako biyu a aljihun tebur ban taɓa shi ba. Sai ranar Jumma'ar nan, ana gobe kira, da fuska a kumbure, na ce yau zan sa. Ni dai na san al'adar ofis ce ta sa na kashe. Haka na rubuta kuma haka ne. Amma da na kunna washegari na ga baƙin allo, kafin hankalina ya tashi, sai da wani waje a ƙirjina ya yi sanyi.

Ban san abin da zan kira wannan ba. Na dai rubuta.

Lahadi, da yamma

Keken mai ɗinki ya yi shiru yau, ba ta buɗe shago ba. Gidan ya yi girma.

Litinin, da safe

Ya buɗe.

Ban karya ba tukuna, shayin ma ban iya ɗaga butar ba, hannun dama yana ta rawar da yake yi in ban ci abinci ba. Na ce bari in gwada sau ɗaya. Don kar in ɓata lokacin nemansa, na ɗora yatsa a kan F2 tun kafin in kunna da hagu. Yatsan ya yi ta kaɗawa a kai, ƙas-ƙas-ƙas, na kasa tsayar da shi. Tambarin bai ma gama fitowa ba sai ga shafi shuɗi cike da rubutu.

Ashe ba jira ake ba. Ashe dukansa ake yi ba ƙaƙƙautawa tun daga kunnawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Mako guda ina ba shi bugu ɗaya mai tsabta bayan lokaci ya wuce. Hannun da nake ɓoyewa a cikin riga in mutane na nan, shi ya yi aikin.

Na zauna ina kallon shafin, ban yi murna yadda ya kamata ba.

Litinin, bayan la'asar

Shafin nan ba a taɓa shi da linzami, wato 'yar kibiyar nan da ke yawo a allo, sai da maɓallan kibiya. Wannan ya yi mini, ya fi kama da aikin da na sani. Na bi shi layi-layi da gilashina ɗaya. Na sami inda aka jera abubuwan da take dubawa in za ta tashi: na farko ma'ajiyarta ta ciki, wadda na lalata, sai wasu da ban sani ba. Filashin babu shi a jerin.

Na zare, na hura, na mayar. Babu. Na zaga da shi ramin da ke ɓarin dama, na kashe, na kunna, na bar wa hannun aikinsa. Sai ga sunansa a ƙasan jeri. Ramin hagu ne ya saki, ashe. Na tura shi sama har ya zama na farko, na danna inda aka ce a adana.

Na tsaya nan. Ban so in yi wani abu a gajiye.

Wajen alwala an kusa maimaita Talata. Bokiti ne ya tare.

Talata, da azahar

Ta tashi daga filashi. Allo ya yi haske, ta tambaye ni yaren da nake so, sannan agogon garin da nake. Sannan ta ce za ta share duk abin da ke ciki, na yarda? Na tsaya ina tunanin me nake da shi a ciki. Babu hoto, babu takarda. Kiran Asabar kaɗai nake yi da ita, shi kuma ba ya zama a ciki. Na ce ta share.

Layin ya fara cika. Wannan karon na ɗauko matashi na zauna a kan hannuwana. Bayana ya ƙage, fitsari ya matse ni, ban motsa ba. Ya cika. Ta rubuta wani abu ƙanana a ƙasa, na ga dai ta gama, na danna babban maɓalli. Ta mutu, ta kunna kanta.

Ta tambaye ni yaren da nake so.

Na ɗauka wani abu ne bai zauna ba. Na sake bi daga farko. Yare, agogo, share. Layin ya cika. Na danna. Ta mutu, ta tashi.

Ta tambaye ni yaren da nake so.

Laraba, da safe

Yare, agogo, share.

Laraba, da la'asar

Yau na yi mata magana da baki. Na ce, baiwar Allah, na gaya miki, na sake gaya miki. Sai na tuna haka Uwata take ce mini in na tambaye ta ajin da babbar 'yarta take.

Mai ɗinki ta miƙo kwano ta ƙofa, ta ce da wa nake faɗa kuma, ko ƙofar ce ta dawo. Na ce rediyo ne.

Alhamis, da hantsi

Ban kunna ba. Saura jibi.

Na zagaya gidan a hankali ina dafa bango. Ba wani gida ba ne. Ɗaki biyu, kicin da famfonsa ke ɗiga, ƙusar da nake rataye hula, wadda ni na buga ta a karkace tun muna sababbin tarewa, marigayiya matata ta yi ta yi mini tsiya a kanta. A nan na san inda komai yake ko ido rufe. A can sai an ce mini, Baba ga kofi, Baba ga tawul, Baba bari a kunna maka.

Na dawo na zauna. Tafiyar ta gajiyar da ni.

Jumma'a, bayan la'asar

Na kira mai ɗinki da kaina. Na ƙwanƙwasa bango da sanda har kekenta ya tsaya. Ta shigo da tef a wuya da allura a baki.

"Lafiya, Baba?"

"Idonki nake so ki ara mini."

"Ka biya haya?"

Na gaya mata komai na kwamfutar, tun daga kashewar da na yi. Ban ƙawata ba. Ta ce, "Wato kamar in cire riga daga keke rabin ɗinki, in ce me ya sa ba ta shiga." Na ce kusan haka. Na ce akwai wani ƙaramin rubutu da ke fitowa a ƙarshe, gilashina ba ya kama shi.

"Ni fa Turancina na kasuwa ne, Baba. Daga nawa ne sai ya yi tsada."

"Haruffa kin sani?"

"Wannan kam."

"To ke ki kira, ni in haɗa."

Muka bi daga farko. Yare, agogo, share. Ta ɗauko aikinta tana ƙarasa bakin zane da hannu muna jiran layin, tana ba ni labarin wata da ta kawo yadi kamu huɗu tana son riga da zane da ɗankwali da ragowa. Na yi dariya har haƙarƙarin ya tsayar da ni. Da layin ya cika na kai hannu, ta buge shi.

"Tsaya mana! Ba don wannan ka kira ni ba?"

Ta matsa da fuskarta dab da allo, tana kiran haruffan ɗaya-ɗaya da ƙarfi kamar mai ba kurma saƙo, ni ina haɗawa a kaina. Kafin ta kai ƙarshen layi na gane. Cewa yake a cire filashin tukuna, sannan a danna.

Ni na sa filashin ya zama na farko a jeri. Duk lokacin da ta tashi, shi take fara gani, sai ta koma farkon aiki. Tun Talata tsarin yana zaune a ciki lafiya lau. Ni ne nake sharewa ina sakewa, ina sharewa ina sakewa.

Na fassara mata. Ta kalle ni, ta kalli filashin, ta kama shi da yatsa biyu ta zare kamar tana cire zare a riga.

"Danna, Baba."

Na danna. Ta mutu. Tambari ya fito. Wasu ɗigo suka yi ta zagayawa. Sai allo ya buɗe da hoton wani tsauni da ruwa a gindinsa. Mai ɗinki ta yi guɗa a ɗakina, na ce ta rufa mini asiri, maƙwabta za su ce da gaske auren na yi.

Jumma'a, bayan magariba

Akanta ya riga ya sa manhajar kiran a filashin, na same ta, ta shiga ba gardama. Da na buɗe ta sai ta kunna kyamara don gwaji.

Na daɗe ban ga mutumin nan ba. Kumburin ya saɓe, amma wajen ya koma ruwan ɗorawa da kore tun daga ido har kunne. Girar ta haɗe a karkace. Wuyan riga ya yi masa yawa. Yana ta ƙanƙance ido yana matsowa kamar bai san ni ba.

Na rufe murfin.

Asabar, da hantsi

Na gwada zama iri-iri. In na juya tebur taga ta koma bayana, fuskar tana yin duhu, ba a ganin launin. In na karkata dama na ja hula, girar tana ɓuya. Na sa babbar riga mai kauri. Na ɗora kwamfutar a kan littattafai don ta daina kallona daga ƙasa.

Mai ɗinki ta leƙo ta same ni ina wannan.

"Ko in kawo hoda, ango?"

Na ce ta tafi ta ba ni waje. Ba ta tafi nan da nan ba. Ta tsaya a ƙofa tana naɗe tef a yatsa.

"Baba, ni ban kira ta ba. Kuma ba zan kira ba. Amma in na rufe shago na tafi gida, bangon nan ko ka fasa shi da sanda ba mai ji."

Na ce na sani.

Asabar, bayan magariba

Kiran ya shiga a bugu na farko. Ga Uwata, ga Akanta a bayanta yana ɗaga hannu, yana cewa, "Ban gaya miki ba? Baba ai injiniya ne." Jikokin suka leƙo suka gaishe ni suka gudu. Hoton ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Har tabon da ke haɓarta na gani, na faɗuwar da ta yi a keke tana ƙarama.

Muka yi hira. Ta ce ɗakin ya yi duhu, na ce wuta ce ba ƙarfi. Ta ce ina tabarau, na ce yana ɗaki. Tana ta murmushi, ni ma ina yi da ɓari ɗaya. Na fara jin na haye.

Sai ta ce, "To ɗauko shi mana, Baba, ka ga zanen da ƙaramar ta yi maka. Ina jira."

Na ce ba sai yau ba.

"Ɗaki ne fa kawai. Tashi ka ɗauko."

Ta daina murmushi. Akanta ya janye daga bayanta, na ji ya rufe ƙofa.

Na dafa tebur da hannu biyu. Na yunƙura, ban tashi ba. Na sake yunƙurawa. Na miƙe, amma tebur ya ɗauki rawar hannuna, littattafan suka ɗauka, kwamfutar ta ɗauka. A ɗan akwatin da ke kusurwar allo ina ganin abin da take gani: ɗakin gaba ɗaya yana kaɗawa, ga wani tsoho a tsakiya ya riƙe tebur, hasken taga ya sauka a ɓarin fuskarsa na hagu.

Ban je ɗakin ba. Na koma na zauna. Na cire hular na ajiye, na juyo mata da wajen sosai.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa bayan hannu ta goge hanci, yadda take yi tun tana yarinya.

"Yaushe?"

"Talata. Ba wannan ba, ta can baya."

"Ka daɗe a ƙasa?"

Na gyara wa hular zama a kan tebur, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Na jira ta tuna mini da alkawari. Na shirya abin da zan ce, cewa na gyara kwamfutar da hannuna, cewa ga shi ta gan ni ranar da ta ce. Ba ta ambaci alkawarin ba. Cewa ta yi, "Baba, me kake so in yi?"

Da faɗa ta yi da na iya. Na kalli madannan, na ga F2 ya fi sauran sheƙi don dannawa.

Na ce, "Ki zo."

Ta gyaɗa kai. Ta ce Laraba, sai ta nemi izini a wajen aiki. Na ce Laraba ta yi.

Na ce in da hali a ba ni ɗakin da tagarsa ke kallon titi, ina son ganin masu wucewa. Ta ce, "Baba, ba mu da irinsa. Namu duk bayan gida suke kallo."

Na ce to, wanda ke akwai.